Hannun da Ba Ya Cikin Hoto

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da mamanki. Ina fata kina lafiya, ke da bayan nan naki da kika ce yana ciwo saboda hawan rufin mutane. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta ɗauki aikin sanar da ruwan sama ba tare da an saka ta ba.

Ki yi haƙuri da rubutun. Na gwada danna miki a waya, sai yatsana ya riƙa taka haruffa uku a lokaci guda, shi ya sa na koma biro da takarda, in na gama in ɗauki hoto in tura. Inda kika ga kuskure kada ki zargi malamaina. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ni ne na bar makaranta tun ba ta gama sanina ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, jiya ina zaune a kujerar mai askin nan na kusa da shagona, an kwashe rabin kaina, sai mutumin ya kashe inji ya kafa mini waya a hanci. Ina dubawa sai ga ni! A bakin shago, rungume da fanka, cikin rigar nan da dalma ta ƙone wa aljihu. Duk rigunana ba ki ga ta ɗauka ba sai ita? Ya karanta mini abin da kika rubuta a ƙasa da babbar murya, har masu jiran layi suka matso. Wai ke 'yar mai gyaran fanka ce da ta zama injiniyar sola. Wai na taɓa ce miki wuta ba ta san mace ko namiji ba, hannu kawai ta sani. 'Yata, yaushe na faɗi haka? Ki tuna mini ranar, don maganar ta yi daɗi har na fara amfani da ita.

Na tuna bayanin da kika yi mini a waya. Kin ce tun da kika bar kamfani kika tsaya da ƙafarki, ba mai miƙa miki babban aiki sai ya san ki, kuma yanzu mutane kan sayi mutum kafin su sayi aikinsa. Wannan shi ne gina suna. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai. A zamaninmu suna yakan biyo bayan aiki ne, kamar hayaƙi a bayan mota. Ku kuma hayaƙin kuke turawa gaba. Ba kushe nake ba, so nake in gane. Waɗannan mabiyan naki, ina suke bin ki zuwa? In sun danna alamar zuciyar nan, ke kina jin wani abu a jikinki?

Wuri ɗaya dai ya sa ni tari. Inda kika ce ni na zaunar da ke tun kina ƙarama na koya miki naɗin koyil, wato wayar jan ƙarfen nan da ake naɗawa a cikin fanka. Injiniya, ni da ke mun san hannun da ke naɗa koyil a gidan nan. Da na dawo na karanta wa mamanki, ina ta fara'a. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni me ya sa aka bar mini rabin kai.

Ki gaishe da masu taya ki aiki. Ki riƙa ɗaura igiya in kin hau sama.

Ni ne babanki, wanda ya yi suna bai shirya ba.

*

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Bayan sallama da fatan alheri, ina fata jiki da aiki duk lafiya. Ni dai lafiya ta yi mini yawa, don yanzu ba na shan shayi a natse. Wani saurayi ya kawo fanka lafiyayya, ba abin da ya same ta, don kawai ya ɗauki hoto da ni. Wata baiwar Allah ta kawo 'yarta in ba ta shawarar rayuwa. Na ce ta riƙa zare soket kafin ta taɓa komai, uwar ta rubuta a waya tana gyaɗa kai. Mai aski kuwa ya naɗa kansa manajana, har yana ce wa mutane Baba ya gaji, su dawo gobe.

A gida ne kasuwata ba ta ci. Kin tambaye ni ko wayar mamanki ta lalace. Wayar lafiyarta ƙalau, ni na gyara ta. In kin kira takan dubi sunanki, ta kifa ta a kan tabarma, ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zagi kowa ba, kuma kin san wannan ne mai tsanani.

Kin ce ita da kanta ta hana ki saka ta a waya, kuma mai koya muku harkar nan ya ce labari sai da fuska, shi ya sa kika ba ni nata. Na kai mata wannan hujja kamar yadda kika aiko. Ina tsaye a ƙofar ɗakin baya, tana zaune inda kika san ta, gaban ɗan teburin nan kusa da taga, da tabaran da ta ɗaure wa ƙafa da zare, gwangwanin biskit cike da wayar koyil a gefenta. Hannun yana zagaya katakon naɗi da wayar, leɓe ko motsi ba ya yi, amma ba ta taɓa ɓatar da ƙirga. Na ce mata ai tun farkon aurenmu, tun ranar da ta ga ina fama da koyil ta ture ni ta karɓa, haka muke. Ni in kwance fanka, in gano ciwon, in kawo gida, ita ta naɗa, ni in ɗaura in sha yabo a bakin shago, kuma ba ta taɓa cewa uffan ba. Sai ta ce kwastoma ba ita ta haife shi ba. Ta ce kwastoma bai taɓa zama a gabanta riƙe da fensir wayar tana warwarewa a jikinsa ba, bai taɓa yanke yatsa ta tsotse masa jinin ba. Daga nan ta ce in matsa, na tare mata haske.

Yanzu ga batun kamfanin da kika ce sun ga rubutun suna so su ba ki aikin rufin ma'ajiyarsu, kuma za su turo masu kyamara su ɗauki Baba yana naɗa koyil. Don kada in ba ki kunya, na ja ƙofar shago da rana tsaka na gwada. Na naɗa, na naɗa, gumi har cikin kunne. A ido abin ya yi kama da koyil, in mutum yana da kirki. Na ɗaura, na yi bisimilla, na kunna. Fankar ta yi gyaran murya irin ta tsohon da zai yi doguwar magana, ta juya sau ɗaya a hankali, sai hayaƙi. Manajana ya shigo da bokitin ruwa yana salati, da ƙyar na hana shi watsa wa soket. Na gaya masa sabon gwaji nake yi. Ya ce zai sanar da mabiya.

To kin ji. In suna son dattijo mai surutu, ga ni, zan ma sa rigar kirki. In koyil suke so, ba ya wurina. Amma ni ba kamfanin ne ya dame ni ba. Gidan nan ya yi shiru, ga fanka ko'ina amma ba iska.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki, injiniyan hayaƙi.

*

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kin tashi lafiya. Mu ma mun tashi, ban ce lafiya ba.

Na ga sabon rubutun naki. Ba sai mai aski ya nuna mini ba, yanzu na iya nemo shafinki da kaina, wannan ma ci gaba ne. Kin rubuta gaskiya tsaf, kin ce hannun mamanki ne, kin nemi gafararta a gaban duniya. Ni kam na share hawaye da tsumman goge mai, har ya bar mini baƙi a fuska. Na ga kuma zukatan da aka danna sun ninka na wancan. Mutane na ta cewa kin burge su, wai samun mai amsa kuskure irinki sai an tona. Na taho gida da sauri ina ganin na kawo magani.

Ashe labari ya riga ni. Na tarar da matan layinmu cike da tsakar gida, kowace da fankarta a hannu, wata har da injin markaɗe, suna kiran mamanki Injiniya Babba. Ta ba su ruwa, ta yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, ta sallame su. Da suka tafi na karanta mata. Ta bari na gama. Sai ta tambaye ni wa aka yi wa laifi, ita ko mutanen waya? Na ce ita. Ta ce to me ya sa su suka fara jin ban haƙurin, ita sai a bakina? Ta ce abu ɗaya ta taɓa roƙon ki, kada ki kai ta kasuwa. Da kin kai babanki, yanzu kin kai uwarki, har da kuka a matsayin gyara.

Na so in kare ki, wallahi. Sai dai na mayar da wayata aljihu.

Ni ba faɗa zan yi miki ba, ban ma iya ba, kin sani. Tambaya dai gare ni, irin ta wanda bai yi zurfi a karatu ba. Lokacin da kike rubuta ban haƙurin nan, fuskar wa kike gani a ranki? In tata ce, me ya kai ki gyara hoton da ke sama har ya yi kyau haka? Ina jin harkar nan in ta shiga jikin mutum, ko atishawa zai yi sai ya fara tunanin yadda za ta fito. Ni ma da na ɗanɗana kaɗan, shekaranjiya na kama kaina ina gyara tsayuwa a gaban mai sayar da ƙusa.

Kin ce yanzu kamfanin ita suke so su ɗauka, sun ce labarin ya ma fi armashi. Na san aikin nan babba ne a wurinki, na san kin daɗe kina jiran irinsa. Amma kada ki turo kowa. Kada ki sake rubuta komai, ko mai daɗi. Ki hau mota ki zo ke kaɗai, wayar kuma ta zauna a jaka. Ban yi miki alkawarin za ta sauko ba. Na fi ki daɗewa da ita, har yau ban gano inda makunninta yake ba.

Sai na gan ki.

Babanki.

*

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Da fatan kin sauka lafiya, kuma direban nan mai gudu bai ƙara miki ciwon baya ba. Kin manta cajarki, na adana, amma ina amfani da ita kafin ki dawo.

Na ji abin da kika ce game da kamfanin. Tun da kin ce musu ba kyamara, sun ce za su sake nazari. Ni a shagona in kwastoma ya ce zai sake nazari nakan mayar da fankarsa kan kanta, amma ban san yadda ake yi a wurinku ba. In ya zo, madalla. In bai zo ba, rufi bai ƙare a duniya ba, kuma aikin sola da kika taɓa yi wa wata makaranta yana nan yana ba su wuta. Ki nuna musu shi. A ganina shi ma fuska ce. Na dai san abin ya yi miki ciwo, na gani lokacin da kike ɗaure takalmi.

Yanzu ga ƙorafina. Kin shigo, kin durƙusa, mamanki ba ta dube ki ba. Kika bi ta ɗakin baya. Ina shirin jawo kujera in yi sulhu, na ma tanadi jawabi, sai ta leƙo ta aike ni sayen dalma. Ni! Da dalma cike da aljihun tebur! Na je na dawo, ƙofa a rufe. Na ji kuka, ban san na wa ba. Can sai na ji dariya ta mutum biyu, kuma jikina ya ba ni da ni ake. Na yi tari, na ja takalmi a ƙasa, na yi waƙa, ba wanda ya ce in shigo.

Yau da safe da kika kira, wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka tun kafin ta gama bugun farko, ta shige ɗaki tana cewa ke kuma ba ki da aiki ne. Na tambaye ta me kuka tattauna ranar. Ta ce in tambaye ki. Ke kuma da na tambaye ki a tasha ranar tafiyarki, kin ce in tambaye ta.

Don haka na sa tabarau na shiga shafinki, tun da a can ake jin labarin gidana. Na duba sama, na duba ƙasa, na ja da yatsa har ya yi zafi. Hotunan farantan sola a kan rufi kawai, da bayanin yadda ake wanke su. Na kai wa manaja ko ni ne ban iya ba, shi ma ya duba ya ce babu.

Ban taɓa neman abu na rasa na ji daɗi irin haka ba.

Mamanki ta ce ki ci abinci.

Ni ne dai babanki, mai gyaran fanka.