Layin da Nake Magana a Kai

Litinin, 3 ga Maris

Fitilar ba ta yi kore ba yau. Na danna maɓallin da ke gefen gadona kamar kullum, shiru. Na yi ta dannawa har yatsana ya yi zafi.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai warware. Da uwarsu ta rasu, yaran suka ce ba zan zauna ni kaɗai a gidan nan ba. Na ce zan zauna. Auta ce ta raba gardamar, da yake aikin kwamfuta take yi a can nesa. Ta ajiye wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin falo, ta liƙa maɓalli a gefen gado. In na tashi da safe na danna, fitila ta yi kore a nan, ta yi kore a wayarta da ta yayanta. Ma'ana, tsohon yana nan da rai. Yayan nata ya yarda bisa sharaɗi: ranar da kore ya daina zuwa, zai zo da mota ya kwashe ni zuwa gidansa.

Ya kira da hantsi. Na ce lafiyata ƙalau, na'ura ce ta yi gardama. Ya ce, "Baba, to ranar da kai ne ka faɗi, yaya zan bambance?" Ya ba mu zuwa Lahadi.

Ba na zuwa ko'ina. A ɗakin nan uwarsu ta cika.

Talata, 4 ga Maris

Auta ta kira a ƙaramar wayata. Ta ce kwamfutar ta sabunta kanta, shi ne suwic ɗin da ke ciki ya daina dacewa da ita. Da na ji suwic sai hankalina ya kwanta, don a gidan waya na yi aikina har na ajiye, gaban allon haɗa layi, igiyoyi a hannu. Na durƙusa da ƙyar na leƙa bayan akwatin da tocila. Kebul ɗaya na intanet, ɗaya na wuta. Babu suwic.

Ta yi dariya. "Baba, ba na ƙarfe ba ne. Rubutu ne."

Wai a cikin kwamfutar akwai wasu ƙananan kwamfutoci biyu, su ma rubutu ne. Ɗaya ke kula da maɓallina, ɗaya ce ƙofar da take shigowa daga nesa ta yi gyara. Dukansu ta suwic ɗin suke fita waje. Shi ya sa ita ma an rufe ta a waje, sai da hannuna za a yi aikin.

Na ce na gane. Ban gane ba. Tashi daga durƙuson ya fi komai wuya. Sai da na kama ƙafar tebur.

Laraba, 5 ga Maris

Yini guda muna harafi-harafi, tana faɗa ta waya ina bugawa. Kunnena na hagu ya mutu, na dama kuma yana zaɓen abin da zai ji. Tana cewa sanda mai karkata, ina sa wadda ta karkata ɗaya ɓangaren. A ƙarshe dai muka ba kebul ɗin adireshinsa, wato lambarsa ta intanet, kai tsaye, babbar kwamfutar ta sami intanet. Sai ta ce in buɗe kiran bidiyo a kanta, don lasifikar ta fi ƙarfi, kuma za ta iya rubuto mini umarnin ina kwafa. Fuskarta ta fito a kusurwar allo. Ta rame. Goshin uwarta sak.

Mun sauko da abin da ta kira tushen manhajar suwic ɗin. Na tambaya me ya sa ba za a ɗauko gamammiya a saka ba. Ta ce gamammiyar ba ta yi wa wannan tsohuwar daidai, sai mun gina tamu.

Da la'asar tela, maƙwabcina na tsallaken titi, ya leƙo kamar yadda ya saba, wai ya ga ko na mutu. Na ba shi labari. Ya ce, "Ashe ɗinki ne. Rigar kanti ba ta shige ta ba, kun sayo yadi. To injiniyan waya, ka iya riƙe almakashi kuwa?" Na ce ya tafi ya ji da wandunan mutane da yake ɓatawa.

Amma maganarsa ta zauna mini fiye da ta Auta.

Alhamis, 6 ga Maris

Na farko shi ne awo. Kalmar Turanci ce, configure, da ɗigo da sanda a gabanta. Na buga, kwamfutar ta ce babu abu mai wannan suna. Ashe ba a cikin jakar da ya kamata nake ba. Wace jaka? Ni ban ga jaka ba, baƙin allo kawai nake gani da ɗan farin abu yana ƙifta mini ido. Auta ta shigar da ni.

Sai rubutu ya fara gudu, kowane layi tambaya ce: akwai kaza? E. Akwai kaza? A'a. Kamar likita yana tambayar mara lafiya. Can ta tsaya, wai babu wani kayan aiki. Muka sauko da shi. Ta sake tsayawa, wai babu wani. Na ce wa Auta me zai hana ta faɗi duk abin da take so gaba ɗaya, kamar mutumin kirki? Ta ce, "Halinta ke nan, Baba. Irin naka ne. Kai ma sai an tambaye ka sau uku kake faɗin inda ke ciwo."

Daga nan ɗinkin: make. Kalma ɗaya tak. Auta ta ce zai daɗe, za ta shiga taro ta dawo, kada in taɓa komai. Fankar akwatin ta fara kuka kamar za ta tashi sama. Sai ga rubutu rawaya yana wucewa, gargaɗi, gargaɗi. A wurin aikinmu na dā, in fitila ta canza launi kuma inji na zafi, wuta ake kashewa. Na zare soket.

Da na kunna, ta dawo ta same ni zaune kamar wanda ya fasa tulu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce rawaya gunaguni ne kawai, ja ne matsala, kuma in da matsala da kanta za ta tsaya. To wane irin gargaɗi ne wanda ba a so a ji shi?

Muka sake. Wannan karon ba ta tafi ba. Muna jiran rubutun ya ƙare, muka yi ta hira. Ta tambaye ni aikin gidan waya, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ba ta labarin ogammu mai gajeren wuya, da dokarsa da yake maimaita wa kowane sabon ma'aikaci: kada ka taɓa layin da kake magana a kai. Ta ce a aikinsu ma haka ne. Ta gaya mini mijinta ya koyi girki, abin ba daɗi amma tana ci. Shayina ya huce ban sani ba.

Ban tuna rabon da mu yi magana mai tsawo haka ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Na ɓata komai.

Da safe muka saka manhajar a mazauninta, lafiya lau. Muka tayar da wani ɗan rumbu da suwic ɗin ke ajiye abin da ya sani. Muka ƙirƙiri abin da Auta ta kira gada, wai a cikin suwic ɗin, ta kanta ƙananan kwamfutocin za su riƙa fita waje. Ban ga gada ba, amma kwamfutar ba ta yi musu ba, kuma na lura in ta yi shiru to ta yarda ke nan. Auta na sauri, jakarta a kafaɗa, mota na jiranta. Aikinsu zai kai ta wani wuri da babu sabis sai Lahadi.

Ta rubuto layin da zai ɗaura kebul ɗin a kan gadar. Hannuna ya saba yanzu, har ina jin daɗin kaina. Na kwafa. Na ji tana cewa, "Tsaya tukuna, Baba, kada ka dan..."

Na riga na danna.

Hotonta ya daskare, bakinta a buɗe, hannunta a sama. Sai ya ɓace.

Na nemi ƙaramar wayar. Tana cikin aljihun rigar jiya, a mace, don tun Laraba ban sa ta a caji ba. Kafin ta farfaɗo Auta ta yi nisa. Na kira, ba ta shiga.

Ni da na ba ta labarin dokar jiya da bakina.

Juma'a dai, da yamma

Na zauna gaban allon. Farin abin yana ƙifta ido. Na buga make, don ita kaɗai na haddace. Ta ce babu abin yi. Ni ma haka.

Na buɗe kwabar uwarsu ina tunanin abin da zan ɗauka in mota ta zo. Na rufe.

Asabar, 8 ga Maris

Da na tashi wani tunani ya zo mini, ban sani ba ko shirme ne. A gidan waya, in aka ɗauki layin mutum ɗaya aka shigar da shi allo don mutane da yawa su yi amfani da shi, lambar ba ta zama a kan igiyar. Allon ke amsa ta. To ko adireshin da muka ba kebul ranar Laraba, yanzu gadar ya kamata a ba? Wataƙila. Amma da wace kalma ake gaya mata? Igiya da na san inda zan cire in soka. Wannan babu inda za ka kama.

Ina cikin haka tela ya shigo, wayarsa a hannu, yana riƙe da ita nesa da fuska. Auta na da lambarsa saboda ko-ta-kwana. Ya ce, "Tun jiya wani abu ya shigo, na ɗauka 'yan talla ne. Yau matata ta ce sunan 'yarka ne a sama."

Tun jiya. Na ce masa Allah ya isa tsakanina da shi. Ya ce in bari sai ya zauna tukuna.

Saƙon gajere ne. Ta ce kada in damu, ba abin da ya lalace. A cire adireshin daga kebul, a ba gada, a tayar da gadar, a nuna mata hanyar fita. Da ƙyar na karanta farkon, sau biyu. Abin da na yi tunani ne. Ban gaya wa tela ba, zai ce ƙarya nake.

Matsalar ita ce tabarau. Nawa na ganin allo amma ba ya nuna mini ƙananan alamomin da ke wayarsa. Nasa ya bar shi a kan keken ɗinki. Sai muka riƙa karɓa-karɓa da nawan. Ya sa ya karanto haruffa kaɗan, ya miƙo mini in sa in buga. Bai san sunan alamomin ba. Yana cewa, "Sai wata 'yar tsaga kamar bakin aljihu." "Sai allura a kwance." Wani wuri ya karanta sifili a matsayin harafi, kwamfutar ta ƙi, muka yi ta zargin juna. Ya ce, "Kai da aka ce ka yi boko tun ana rubutu da tawada." Na ce bokon da na yi babu gadar da ba a gani a cikinsa.

Layin ƙarshe ya shiga. Shiru. Tela ya ce, "Shi ke nan? Ko tari ba ta yi ba." Na ce haka take yarda.

Auta ta rubuta a saƙon cewa a kashe a kunna, ƙananan na ciki za su tashi da kansu. Muka yi. Na tafi ɗaki ina bin bango, na danna maɓallin.

Kore.

Tela ya ce a ba shi shayi ladan aikinsa. Na ba shi, har da madara. Har yanzu ban san inda suwic ɗin yake ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na danna, kore. Yayan Auta ya kira, bai daɗe ba. "Na gani, Baba. To shi ke nan." Ina jin ƙarar yara a bayansa. Ban san me ya sa na so ya ƙara wata magana ba.

Auta ta dawo cikin sabis da yamma. Ta shiga ta ƙofarta ta duba, ta rubuto cewa komai daidai, ta gyara yadda ko an ɗauke wuta zai tashi da kansa, ba sai na sake taɓawa ba har abada. Ta sa hoton hannu mai tafi.

Na ci nasara. Ina gidana.

Litinin, 10 ga Maris

Kore. Ba wanda ya kira. Ba dalilin kira.

Talata, 11 ga Maris

Kore. Fankar akwatin ma ta yi shiru. Na buɗe baƙin allon na zauna kallonsa, ban buga komai ba. Tela bai leƙo ba, aiki ya yi masa yawa.

Laraba, 12 ga Maris

Na tashi da wuri. Na zauna a bakin gado, maɓallin na gefena. Na ce bari in sha shayi tukuna. Na sha. Na wanke kofin. Na share falo, abin da na daɗe ban yi ba. Rana ta hau kan taga.

Wayar ta yi ƙara. Auta, muryarta a sama: "Baba, lafiya? Ban ga kore ba, kuma na duba, komai na aiki."

Na ce mantawa na yi. Tsufa.

Ta ce, "To," irin yadda uwarta ke faɗa in ta kama mutum. Sai ta ce in danna yanzu kafin yayanta ya tayar da mota. Na danna. Ba ta ajiye ba. Ta tambaye ni abin da ya faru da ogan nan mai gajeren wuya, na gaya mata. Ta ce mijinta ya ƙona tukunya jiya. Muka daɗe.

Da za ta ajiye ta ce, "Baba, gobe ma ka manta. Amma kada ka wuce hantsi."

Ban san me take nufi ba. Yaran yanzu maganarsu kamar ta kwamfutarsu.

Na sa wayar a caji tun da rana.