Na Ɓoye Jakar 'Yata a Bayan Mota

Goggo Zorka, don Allah ki ba ni shawara, kuma kada ki yi mini dariya, wadda aka yi mini ta isa. Na san a filin nan naki maganar saki da cin amana da rigimar gado ake kawowa, ni kuma ga ni da maganar jakar kayan jariri. Amma Allah ya sani, jakar nan tana neman raba ni da matata.

A birnin Novi Sad nake zaune, sana'ata gyaran na'urar ɗumama gidaje. Mun daɗe da aure ni da Nevena kafin mu samu haihuwa, har sai da muka daina zuwa bikin baftismar 'ya'yan abokai don gudun tambaya. A ƙarshen hunturun nan ta haifi 'yarmu Iskra. Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Aiki aka yi mata, ta zubar da jini sosai, jaririyar kuma aka sa ta a kwalba na wasu kwanaki. Ba na son tuna lokacin, ita ma ba ta taɓa tayar da maganar ba tun da muka dawo gida.

Surukata Radmila ta zo ta zauna da mu don jego. Mace ce mai kirki, ba zan ci amanarta ba, amma tun da ta ajiye akwatinta na zama baƙo a gidana. In na buɗe taga, ta ce iska za ta ratsa yarinya. In na ɗauke ta, ta ce ban tallafe wuyan da kyau ba. Wanka nasu ne, canjin kunzugu nasu ne, ni aikina zuwa kantin magani da fitar da shara. Abu ɗaya ne ya rage nawa, jakar fita. Ni na saye ta tun ana saura wata biyu a haihu, ta goyo ce, ruwan toka, don na ce ba zan yi yawo a gari da jaka mai furanni ba. Duk dare kafin in kwanta sai na buɗe ta na duba, ko da yake ba inda za mu.

Ranar arba'in za a kai Iskra coci, fitarta ta farko. Na ce su bar mini jakar. Na haɗa ta da zuciya ɗaya, har zif ɗin yana ƙin rufuwa. Muna cikin coci, limamin yana riƙe da ita yana addu'a, yarinyar nan ta saki abin da ta saki, har gadon bayanta. Muka fito da sauri, muka kwantar da ita a kujerar bayan mota, dangi sun kewaye mu, na buɗe jaka ina jin kaina. Ga ma'aunin zafin jiki, ga barguna biyu, ga huluna, ga tocila, ga almakashin yankan farce, ga maganin sauro a lokacin da ko sauro ɗaya bai fito ba. Rigar canji babu. Famfas ɗin da na zuba kuma na ranar haihuwa ne, ta riga ta fi ƙarfinsu. Rigata na tuɓe aka naɗe ta a ciki, na je wurin cin abinci da singileti a ƙarƙashin kwat.

Ƙanin matata Zlatko bai bar ni na haɗiye loma ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. "Mijin yaya, na ga ba ka sa jak ɗin mota da safayar taya ba, ko suna aljihun gefe?" Surukata kuma ta ce, "Ku ƙyale shi, namiji ne. Nawa mijin ma, Allah ya ji ƙansa, har ya rasu bai san gaban kunzugu da bayansa ba." Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su. Nevena ce kaɗai ba ta yi ba. Na lura ba ta taɓa abincinta ba.

Goggo, na koyi darasi. Na tambayi nas ɗin da ke zuwa gida duba masu jego, ta nuna mini abin da ake buƙata da abin da ba a buƙata. Yanzu ko ido rufe zan haɗa jakar nan daidai. Amma duk lokacin da na haɗa, sai Nevena ta zazzage ta a kan gado, ta ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da su yadda na sa su, ba ta ƙara komai ba, ba ta rage komai ba. A bakin ƙofa ta sake buɗewa. A cikin lif ta sake. Akwai ranar da muka kai har ƙofar bene ta ƙasa, ta ce ba ta tabbata ta ga man shafawa ba, na nuna mata shi a hannuna, ta ce duk da haka mu koma, rana ta yi zafi. Muka koma.

Mahaifiyarta ta tafi gida tuni, na ɗauka abin zai yi sauƙi, sai ya ƙaru. Ƙawayenta sun gaji da kiranta shan kofi. In yarinya ta yi barci da rana ba ta kwanciya, sai ta ja kujera ta zauna a gefen gadon tana kallon ƙirjinta. Ta rame. Matar da a da in ta fara ba da labari sai maƙwabta sun ji dariyarta, yanzu in na yi mata wasa kallona kawai take yi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mahaifina Obrad yana ƙauye can wajen garin Sombor. Tun kaka ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ba ta fita sosai, tafiya a mota kuma likita ya hana. Yayata Gordana ke jinyarsa. Bai taɓa ganin Iskra ba sai a waya. Gordana ta ce in an nuna masa hoton, sai ya sa hannunsa mai lafiya yana shafa gilashin wayar har hoton ya gushe, sannan ya ɗago yana nemanta da ido ta dawo masa da shi. Kwanan nan ta kira ni ina wurin aiki, ta ce likita ya ce zuciyar ta yi rauni, in akwai wanda ke son ganinsa kada ya ja lokaci.

Na ce wa Nevena mu je ƙauye mu uku. Ta ce hanya da nisa, ga zafi, in an kunna sanyin mota kuma yarinya za ta kamu da mura. Na ce to ta bar ni in je da Iskra ni kaɗai, tunda tana karɓar fida, mu tafi da safe mu dawo da yamma, ita kuma ta samu ta yi barci. Ta dube ni ta ce, "Kai? Kai da ka kai ta coci babu riga?" Raina ya ɓaci. Na ce ita da uwarta sun mayar da ni ɗan aike a gidana, kuma yarinyar nan ba ita kaɗai ta haife ta ba. Ta shiga banɗaki ta kulle, ta buɗe famfo don kada in ji kukanta. Na ji. Tun ranar, in ba maganar madara ko kunzugu ba, ba abin da ke haɗa mu.

Abokin aikina Momir ya ce ina wasa da haƙƙina. "Malam, 'yarka ce fa. Ranar Asabar in ta shiga wanka ka ɗauki abarka ka kama hanya, in ka isa ka kira ta. Za ta yi fushi ta huce." Ba zan ɓoye miki ba, na haɗa jakar, na ɓoye ta a bayan mota ƙarƙashin kayan aikina. Ban yanke shawara ba. Ina son matata, amma in tsohon nan ya tafi bai riƙe jikarsa ba, ban san yadda zan ƙara kallonta ba. Me zan yi?

Uban Iskra, Novi Sad

*

Ɗana, ban yi dariya ba. Kafin komai, sauka ka ɗauko jakar nan daga mota yau, tun Nevena ba ta gan ta ba. Ka gode wa Momir, ka bar masa shawararsa. Matar da ke zama tana gadin numfashin 'yarta, in ta fito daga wanka ta tarar da gado wayam, abin da zai same ta a wannan lokacin ba fushi ba ne, kuma ba lallai ne ku iya gyara shi ba.

Kana da gaskiya a wurare da yawa. An ture ka gefe a lokacin da kai ma kake cikin firgici, an mayar da kuskure ɗaya abin tsokana, kuma maganar da ta faɗa maka ta yi ciwo, ba ka cancance ta ba. Babu uban da bai taɓa fita da jariri ya manta wani abu ba, uwaye mata ma haka, sai dai su ba a cika ba da labarinsu a wurin cin abinci ba. Son kai 'yarka wurin mahaifinka kuma ba abin da za ka nemi afuwa a kansa ba ne.

Amma sake karanta wasiƙarka. Kai da kanka ka ce ba ta ƙara komai, ba ta rage komai. Wadda ta raina haɗinka gyara shi za ta yi. Ita dubawa take yi, ta sake dubawa, kuma hankalinta ba ya kwanciya. Ba ta barci, ba ta ci, ta bar ƙawayenta, ta kasa wuce ƙofar bene. Wannan mace ce da ta kusa rasa ranta da 'yarta a rana ɗaya, kuma har yau ba wanda ya zauna da ita a kan maganar, har da kai. Ni ba likita ba ce, amma na ga irin wannan tsoron a masu jego da yawa, ni ma na ɗanɗana shi bayan haihuwata ta biyu. Ciwo ne sananne, ana maganinsa, kuma yana warkewa. Ka kira nas ɗin nan da ta koya maka haɗa jaka, ka gaya mata duk abin da ka gaya mini, ku samu ganin likita cikin makon nan. Kada ka ce wa Nevena "ba ki da lafiya". Ka ce mata ka ga tana wahala, kai ma ka tsorata a asibiti, kuma tare za ku je. Ka fara da janye maganar da ka yi a kan mahaifiyarta. Ita ma Radmila ka kira ta. Ina zaton ta lura da 'yarta fiye da yadda ta nuna, kuma a wannan karon za ka so tana ɓangarenka.

Jakar kuwa, ku zauna ku haɗa ta tare sau ɗaya, da rana, lokacin da ba fita za ku yi ba. Kunzugu daidai girmanta na yanzu, abin goge jiki, shimfiɗar canji, kayan sawa kala biyu, leda ta zuba masu datti, fida da madara, man shafawa, bargo mara nauyi, sai riga ɗaya taka. Tocilar ta koma akwatin aikinka. Ka riƙa cike abin da ya ƙare da zarar kun dawo, ba lokacin fita ba. In ta so dubawa, bar ta ta duba ba tare da ka ɓata fuska ba. Sannan ka fara fita da Iskra kai kaɗai da saninta, daga ƙofar bene zuwa gidan burodi, ka faɗi lokacin dawowa, ka dawo kafin lokacin ya cika.

Saura mahaifinka, shi ba zai jira duk wannan ba. Akwai abin da ban gani a wasiƙarka ba: ka gaya wa Nevena abin da likita ya faɗa wa Gordana, ko kuwa "mu je ƙauye" kawai ka ce? Ina jin ka riƙe shi a cikinka don kada ka ƙara mata nauyi, ita kuma ta ɗauka ziyara ce da za a iya ɗagawa zuwa kaka. Ka gaya mata a fili. Ka ce ku tafi da sassafe kafin rana ta yi zafi, ta zauna a baya kusa da yarinyar, duk inda ta ce a tsaya a tsaya, in tana son mahaifiyarta ta biyo ku ta biyo. Ina kyautata zaton za ta yarda. In kuma ta kasa a wannan makon, kada ka hukunta ta, kuma kada ka zauna. Tafi kai kaɗai ranar Asabar. Kana ta tunanin jikar da bai gani ba, ka manta tsohon yana da ɗa, shi ma yana jiran ya gan shi.

Allah ya ba Obrad sauƙi, ya kwantar wa Nevena da hankali, ya raya muku Iskra. Ka gaishe mini da mai jego.

Goggo Zorka