Wa Ya Rage a Vidin?

Juma'a, 9 ga Oktoba, 2009
Pernik. Yau za mu fara. Za mu zaga garuruwa, a ɗauki kowane wasa, a tsince masu kyau a fitar da faifai. Shekara ashirin da kafa ƙungiyarmu ta Tsatsa muna fasa wa mutane dodon kunne da kiɗan rok, amma ba mu da faifan dandamali ko ɗaya. Na faɗa a rediyo da bakina: abin da ya faru a zaure shi za ku ji, babu gyara, babu ƙari. Da muka fito Lachezar mai jita ya galla mini harara, wai wa ya aike ni. Ba wanda ya aike ni. Gashi ya zube, murya ta fara ja da baya, mata ta tafi. Abin da ya rage mini guda ne, ban taɓa yi wa kunnen mutum ƙarya ba.

Asabar, 10 ga Oktoba
Tirƙashi. Zauren gidan al'adu ƙato, waɗanda suka zo kuwa bas guda ta ishe su.

A waƙarmu "Wa Ya Rage?" akwai inda muke tsayar da kiɗa cak. In kwarara ihu, "Wa ya rage?", in miƙa wa jama'a makirufo, su amsa "Muna nan!", su ja amshin su kaɗai har mu dawo. Saboda wannan gaɓar nake son faifan. Jiya na miƙa. Wasu mutum uku suka yi ƙunƙuni kamar ana bin su bashi.

Boyana mai ɗaukar sauti ta kafa makirufo biyu suna fuskantar jama'a. Da safe ta ce, "Yaya Kamen, na kamo maka tarin wani tsoho da kukan firjin giya, tas da su." Na ce ta adana, gobe ma rana ce.

Laraba, 14 ga Oktoba
Gabrovo. Ruwa. Firji bai zo ba, tsoho bai zo ba.

Lahadi, 18 ga Oktoba
Vratsa ta ɗan fi. Wani mai furfura ya zo sanye da tsohuwar riga mai sunan Tsatsa, ta matse masa tumbi, ya yi kuka a kafaɗata. Ya ce 'ya'yansa suna Jamus, abokansa suna Sifen, shi ma ƙafa ce ta hana shi. Amshin nasa shi kaɗai aka ji, kuma ya manta rabi.

Yau da safe muna shan miyar tumbi a tasha Lachezar ya fito da abin da ke cikinsa. Ashe yana da kaset na wasanmu na Vidin a 1993, lokacin da masana'antar taya ke da rai, zauren wasanni ya cika har kan tagogi. Wai Boyana ta ciro ihun jama'ar can ta ɗora a kan kiɗan bana.

Na ce a kan gawata.

"Haba, tsoho! Aro muka yi? Mutanenmu ne, mu suka yi wa ihun."

"Mutanenka suna Valencia can Sifen suna tsinkar lemo."

"To sai me? Kowa haka yake yi. Kai kaɗai ne waliyyi a ƙasar nan?"

Na ce ni na yi alkawari a rediyo. Ya tsame cokali ya nuna ni da shi, ya ce in dai faifan nan zai fito da kukan firji, a cire sunansa, ɗansa ya daɗe yana kiransa Stuttgart ta Jamus. Mun san juna tun muna satar sigarin ubansa. Na so in kifa masa miyar a ka. Boyana ta dinga gutsurar burodi kamar ba ta wajen.

Talata, 20 ga Oktoba
Ba ma magana. A mota ya zauna gaba, na zauna kan akwatin ganga. Bayana kamar zai balle.

Asabar, 24 ga Oktoba
Vidin. Gida. A nan za mu rufe, a nan kuma na sa rai. Na ce wa kaina Pernik ba ta san mu ba, mutanen Gabrovo marowata ne, amma Vidin ta haife mu.

Da rana na bi ta gaban benenmu na da. Rabin tagogin babu labule. A barandarmu wani ya tara tsofaffin tayoyi. Daga nan matata Zornitsa take sa yatsu biyu a baki ta yi mini fito idan abinci ya sauka, gajere biyu, dogo ɗaya mai hawa sama, duk unguwa ta san an kira Kamen. A 2001 ta hau bas zuwa Sifen don jinyar wata tsohuwa. Ta ce mu tafi tare. Na ɗaga hanci na ce mawaƙi ba ya barin masu sauraronsa. Ashe masu sauraron nawa suna cikin bas ɗin tare da ita. Yanzu tana da miji a can, mai gyaran famfo ne, an ce mutumin kirki. Allah ya ba su zaman lafiya, ni ban ce komai ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba
Ba na son rubuta wannan, amma bari in rubuta.

Mun tsayar da kiɗa. Na yi ihun da ban taɓa yi ba, har na ji ɗanɗanon jini a maƙogwaro. Na miƙa makirufo. Shiru. Suna nan tsaye cikin rigunan sanyi, 'yan tsiraru, kowa na jiran na kusa da shi ya fara. Can baya aka ji mai gadi yana tambayar Boyana ko za mu jima, yana so ya kashe wuta.

Sai na juyo da makirufo na amsa wa kaina. "Muna nan." Muryar ta karye a tsakiya. Kunya ta kama ni kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Lachezar ya zuba mini barasar rakiya a kofin roba. Ya tafi naɗe wayoyinsa.

Talata, 10 ga Nuwamba
Sofia. Boyana ta kawo faifai biyu, ɗaya na gaskiya, ɗaya na Lachezar. Ta ce ta gaji da mu, yara ma sun fi mu hankali. Ran Juma'a da azahar za ta aika wa masu bugawa. "In ka kira ni kafin nan, Yaya Kamen, naka zan tura. In ban ji ka ba, na ɗauka ka yarda da nasa." Na ce ta sa kunne, za ta ji ni tun da sassafe.

Na saurari na gaskiyan. Komai na ciki, shirun, mai gadi, muryata da ta karye. Mummuna ne, amma nawa ne.

Laraba, 11 ga Nuwamba
Na saka na Lachezar don in samu abin zaginsa. Aikin ya yi kyau, abin haushi. Waƙa ta bakwai. Muryata ta bana, ta tsoho, ta yi ihu, "Wa ya rage?"

Kai! Zaure ya tsage. Dubban mutane. Kafin su gama buɗe baki sai ga fito daga gefen hagu, dab da makirufo. Gajere biyu, dogo ɗaya mai hawa sama. Sannan muryar Zornitsa, ta riga kowa, ta kauce wa kiɗa kamar kullum: "Muna nan, Kamen!"

Na manta tana gaba a ranar. Wallahi na manta. Na zauna a ƙasan kicin har kofi ya ƙone a kan wuta.

Alhamis, 12 ga Nuwamba
Lachezar bai san tana ciki ba, na tabbata. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa. Gobe zan kira Boyana. Alkawari na yi.

Juma'a, 13 ga Nuwamba
Waya ba caji.

Juma'a, 18 ga Disamba
Faifai ya fito. A bayansa an buga maganata da manyan baƙaƙe, babu gyara, babu ƙari. Lachezar ya fasa Stuttgart, ya kawo mini banitsa mai zafi, burodin nan mai cuku, yana ta washe baki yana kirana ɗan'uwa. A rediyo yarinyar da ke hira da ni ta ce tsigar jikinta ta tashi da ta ji amshin Vidin. Na buɗe baki na ce Vidin ba ta taɓa ba mu kunya ba. Ko sarƙewa ban yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Faifan gaskiyan yana cikin aljihun tebur, wata rana zan ciro shi.

Da na fito na zauna a mota ban tayar ba. Na saka ta bakwai, don dai in duba yadda sautin yake a lasifikar mota. Na tambaya, ta amsa. Na mayar baya na sake tambaya.