Gashi Uku a Cikin Tulun Kawu

Yangzhou, Talata, 10 ga Maris 1998, ƙarfe 11:20 na safe

Zuwa ga Kawu Baosheng,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Daga ɗakin bincike na gidan tarihi nake rubuto maka, ƙaramin tulun yu, dutsen nan mai daraja, da ka ba mu kyauta yana gabana. Ni aka ba rubuta katin bayaninsa, shi ne kuma na farko da zan sa wa hannu tun da na gama jami'a.

Ka ce daga kabarin zamanin Han ya fito, shekara dubu biyu, jan jikinsa kuma jinin gawa ne da dutsen ya sha. Kawu, sau uku na duba. Sassaƙar ta zamanin Qing ce, wajen shekara ɗari biyu, irin wadda ake kwaikwayon tulunan tagulla na dā. Jan kuwa a cikin tsaga yake, irin tsagar da wuta ke yi. Da na zura tsinke ciki, sai ga gashi uku, gajeru, ruwan ɗorawa, da wani baƙin abu mai ƙarni. Har yanzu ina jin sa a hannuna.

Ka gaya mini gaskiya kafin in je wurin shugaba.

'Yarka,
Wenlan

Suzhou, 16 ga Maris

Lanlan 'yar boko,

Ina amsawa. Ƙafa tana nan, ta ƙi tafiya ta ƙi zama. Wato shekara huɗu a jami'a abin da aka koya miki ke nan, ƙwaƙular hancin tulu?

Na kakanki ne, fari sol kamar awara, ba mai ko kallonsa. Ni na ba shi shekaru. Na gasa shi, na cusa shi da zafinsa a cikin kare sabon yanka, na ɗinke, na binne a gindin lemon tsakar gida shekara biyar. Haka mutanen dā ke yi, ba ni na ƙirƙira ba. Karen ma ya tsufa, sai ɓarnar shinkafa. Kuka kika yi na kwana biyu, kika manta.

Rubuta Han, sunan gidanmu ya hau bango. Wa zai shinshina ta bayan gilashi?

Ki riƙa cin abinci, kin rame.
Kawunki

Yangzhou, Alhamis, 19 ga Maris, ƙarfe 2:05 na rana

Kawu,

Ina gaisuwa. Karena Huzi shekararsa huɗu, bai tsufa ba. Cewa kuka yi ya bi mai tallan kifi, na yi wata guda ina jiransa a bakin gada. Lemon nan kuma ni nake fara tsinkarsa duk kaka.

Na rubuta: "Zamanin Qing. An lalata shi da wuta da jinin kare a 1983." Na sa hannu. Shugaba ya mayar da tulun ɗakin ajiya, ya cire sunan gidanmu. Gashin yana wurina, a cikin ambulan.

Abin da ban sani ba har yanzu:

Sunan wanda ya sassaƙa tulun.
Ko Mama ta sani.
Inda ka zubar da ƙasusuwan.
Ko da sunansa ka kira shi, ya zo yana kaɗa wutsiya.

Ka huta lafiya.
Wenlan