Matoshin da Bai Narke Ba

Sansanin rijiyoyin mai, Mangistau
19 ga Fabrairu

Zuwa ga matata Ulbosin,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yan matanmu biyu. Yaya tarin Apa? Ki ce mata ɗanta ya ce ta daina fita wajen raƙuma da sassafe cikin wannan sanyi. Ni lafiyata ƙalau. Iska ta kayar da turken sadarwa tun makon jiya, shi ya sa na ba direban motar burodi wannan takarda ya ajiye miki a Shetpe.

Ba zan zo ƙarshen wata ba kamar yadda na yi alkawari. Ki yi haƙuri. Kuma raina a ɓace yake, in ban gaya wa wani ba zuciyata za ta fashe.

Kin sha cewa ba kya gane aikina, to ga shi a taƙaice. Man da muke nema yana cikin dutse can ƙarƙashin ƙasa, ba ya fitowa sai mun tura ruwa da yashi da matsanancin ƙarfi dutsen ya tsattsage. Kashi-kashi ake yi. In an gama da kashi ɗaya sai a zura matoshi cikin rijiyar a toshe shi, a koma na gaba. A da, in an kammala, sai a sa inji ya bi matosan yana niƙe su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu an fito da na wani ƙarfe mara nauyi, wanda zafi da gishirin ruwan rijiya ke cinyewa. Bayan 'yan kwanaki ya narke da kansa, mai ya samu hanya. Abu ne mai kyau, na yi aiki da shi sau da yawa. Amma kowace rijiya da irin nata.

Matosai goma sha huɗu aka kawo mana don rijiya ta ashirin da bakwai. Ina duba jikin akwatin na ga na rijiyoyi masu tsananin zafi ne. Tamu kuwa ba ta da zurfi sosai, ruwanta ɗumi kawai gare shi, gishirinsa kuma kaɗan. Sai na yanki ɗan guntun ƙarfen, na sa shi cikin kwalbar kokwambar nan da kika aiko mini, na cika ta da ruwan rijiyar, na riƙe ta a daidai ɗuminsa. Kwana tara ke nan, Ulbosin. Ko tabo bai yi ba sosai. Tolegen, dattijon nan mai kula da famfunan bakin rijiya, ya ɗaga kwalbar ya duba ya ce, "Wannan ai sai jikokinka su ga narkewarsa. Zuba masa shubat, nonon raƙumin nan, ko tsami ya ba shi tsoro." Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Jiya na kira Yaya Amangali a Aktau da wayar ofishin sansani, tunda yanzu shi ne shugaban sashenmu. Na ce, "Yaya, matosan nan ba na rijiyar nan ba ne. A ba mu mako biyu a kawo waɗanda suka dace." Kin san me ya ce? "Kai Sagindik, da kwalbar kokwamba za ka koya wa masana aiki?" Wai masu kamfani za su zo daga Almati kafin bikin sabuwar shekara na Nauriz, ya riga ya gaya musu za su tarar da rijiyar tana zuba. Na ce to ya aiko mini da umarnin a rubuce. Sai ya ɗaga murya: "Ni za ka nemi takarda a wurina? Ni da na goya ka a bayana? Ka zura su, ni na ce!" Ya kashe wayar.

Shekara goma yana zaune a ofis mai ɗumi, ya manta warin ɗanyen mai. Na rubuta duk abin da na gani a littafin aiki, da kwanan wata. Gobe za mu fara. Yayana ne, shugabana ne kuma, ya zan yi?

Kada ki gaya wa Apa. Ki aiko mini da safa mai kauri da ganyen shayi. Ki sumbaci 'yan matan. Ina kewarki ƙwarai.

Mijinki,
Sagindik

Asibitin gari, Aktau
13 ga Maris

Zuwa ga Yaya Amangali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Na fara da gaisuwa ne saboda haka Apa ta tarbiyyantar da mu, ba don bakina yana so ba.

Direbanka ya same ni a nan, ya ba ni takardar da kake so in sa wa hannu, haɗe da kwalin alewa. Alewa, Yaya! Na mayar maka da su duka biyun. Tunda ba ka zo sansani ba, ba ka kuma tako asibitin nan ba, alhali daga ofishinka tafiyar minti goma ce, bari in gaya maka abin da ya faru, ka karanta shi da idonka.

Mun zura matosan goma sha huɗu kamar yadda ka ce. Mun gama tsaga dutsen, muka zauna jira. Kwana goma rijiya shiru, ko ɗigo. Ba su narke ba. Sai ka aiko da injin niƙa, ka ce a fara nan take. Na gaya maka bututun da ke kwashe ruwan da ke dawowa ba a gama ɗaure shi da turaku ba, ƙasa ta daskare, muna buƙatar kwana ɗaya tak. Ka ce, "Ba ni da kwana ɗaya." Ka tuna? Ni ina tunawa, har da tarin da ka yi bayan ka faɗa.

Ranar shida ga wata, da hantsi, injin ya huda matoshi na uku. Duk ƙarfin da muka tura ƙasa yana nan a kulle a bayansa, ya taso gaba ɗaya. Bututun ya fizge daga turakunsa ya riƙa bulala a fili kamar abu mai rai. Mutum uku suna ta ɗaya gefen, ba su da hanyar gudu. Tolegen ne ya ruga ya rufe famfon. Ya rufe shi kuwa. Amma kafin ƙarfin ya mutu bututun ya same shi a ƙafar dama. Ni na ɗaure masa cinya da ɗamarata. Awa uku muna cikin mota kansa a kan cinyata, yana tambayata, "Yaran nan sun fita?" Likitoci sun yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Takardarka ta ce matosan sun dace da rijiyar, ta ce Tolegen ya shiga inda aka hana shiga, laifinsa ne. Wa ya rubuta maka wannan? Ko kai ka zauna ka rubuta da hannunka? Mutumin nan shekara talatin da biyar yana bakin rijiya. Shi ya karɓe ka aiki lokacin da ko riƙe sufana ba ka iya ba. Ranar da Baba ya rasu shi ya sauka cikin kabarin tare da mu. Yanzu kana so a rubuta cewa shi sakarai ne da bai san inda ake tsayawa ba, a sallame shi da kunya a kan rashin ƙafa, don kujerarka ta tsira?

Kada ka ɗauka na wanke kaina. Hannuna ne ya zura matosan nan. Na san ba za su narke ba, na gani da idona, na zura su saboda yayana ya yi mini tsawa. Na san bututun bai ɗauru ba, na ce a kunna inji. Duk lokacin da na shiga ɗakin Tolegen na ga inda bargo ya kwanta shafal, sai in ji kamar in mari kaina. Amma ba zan ƙara ƙarya a kan wannan ba.

Matarsa Kalima tana zaune a bakin gadon tun ranar farko. Jiya ta miƙo mini baursak, fanken nan namu, da ta soya a gida ta ce, "Ci, ɗana, ka rame." Na karɓa na riƙe shi a hannu. Ba ta san akwai wata takarda da ke yawo da sunan mijinta ba.

Kwamitin bincike zai zauna ƙarshen wata. Littafin aiki yana hannuna, kwalbar ma tana nan da guntun ƙarfen a ciki. Zan kai musu. Ina gaya maka tun yanzu don kada ka ce na yi maka ta bayan fage. Kana da sauran lokaci ka riga ni zuwa ka faɗa da bakinka.

Gobe Korisu, ranar da ƙanana ke bin manya da gaisuwa. Tun muna yara ban taɓa fashin zuwa in gaishe ka da hannu biyu ba a wannan rana. Bana kada ka jira ni. Zan gaida Tolegen.

Ka gaida yara, su ba ruwansu.

Ƙaninka,
Sagindik

Shetpe
22 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Amangali,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Apa tana nan da sauƙi, tarin ya sake ta tunda ɗumi ya shigo. Raƙumarta ta haihu. Ta ce in gaya maka, na kuwa gaya maka.

Ba ka riga ni zuwa gaban kwamitin ba. Ka zauna a can ƙarshen teburi kana jujjuya alƙalami, ka ce ba ka tuna mun yi waya ba. Har shugaban kwamitin ya tambaye ka sau biyu. Ni da na san yadda kunnenka ke yin ja in kana ƙarya tun muna satar kankana, na dube ka, ka kau da kai.

Matarka ta tare Ulbosin a wajen biki ta ce mata na ci amanar jini, na raba yayana da aikinsa. To a gaya mata ba kai kaɗai aka hukunta ba. An sauke ka daga kujerarka, ni kuma an hana ni zuwa bakin rijiya har shekara guda, saboda na faɗa musu nawa laifin kafin in faɗi naka. Ban yi ƙorafi ba, na cancanta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne an rubuta cewa Tolegen ba shi da laifi, kuma shi ya ceci mutum uku. An karanta wannan a gaban ma'aikata duka.

Tun kafin zaman kwamitin ka kira Apa ka ce ta hana ni zuwa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Tsohuwa mai shekara saba'in da takwas ka sa a tsakani! Ta kira ni ɗakinta tana kuka ta ce, "Za ka tona wa yayanka asiri a gaban baƙi?" Sai na ɗauke ta a mota na kai ta asibiti. Ta zauna da Tolegen da Kalima har suka sha shayi kofi uku-uku. A hanyar dawowa, da muka wuce mararraba, sai ta ce, "Ka faɗi abin da ka gani. Ni na haife ku duka biyu, na san wanda zai iya ɗauka." Ban san wa take nufi ba a cikinmu, ban kuma tambaya ba.

Har yanzu ina fushi da kai, Yaya. Ba zan ɓoye ba. Wani lokaci ina tsakar ba dabbobi ruwa sai in ji muryarka tana cewa ba ka da kwana ɗaya, sai in jefar da bokitin. Ulbosin ta ce fushin zai cinye ni. Wataƙila. Da don ni ne da ban rubuto ba.

Tolegen ne ya sa ni. Na je duba shi shekaranjiya na tarar yana koyon tafiya da sanduna, yana zagin sandunan, yana zagin ma'aikacin jinyar, yana zagina don na kawo masa lemo maimakon naman doki. Da ya gaji ya zauna, sai ya ce, "Ina wancan mai ƙaton kan? Tsorona yake ji?" Na ce ban sani ba, ni da kai ba ma magana. Ya ce, "Kai ma sakarai ne. Ni aka yanke wa ƙafa, kai kake ɗingishi." Na ce masa ka aiko da takardar ban haƙuri ta hannun lauya. Ya ce ya gani, Kalima ta naɗe ƙwai da ita. Ya ce shi ba ya son takarda, kuma ba ya son ka zo ka tsaya a kansa kana sunkuyar da kai kamar an yi mutuwa. Aiki yake da shi da zai ba ka.

Ranar Talata za a sallame shi, ƙarfe goma na safe. Ɗakinsa yana hawa na uku, na'urar hawa bene kuma ta lalace tun makon jiya. Ya rantse ba zai yarda baƙi su sauko da shi a kan gadon marasa lafiya mutane suna kallo ba. Ya ce mutum biyu za su haɗa hannuwa su yi masa kujera, ya rataya a wuyansu su sauko da shi, kuma ya faɗi sunayen mutum biyun.

Yana da nauyi, Yaya, ko da ƙafa ɗaya. Ni kaɗai ba zan iya ba. Zan kasance a bakin matakala tun ƙarfe tara da rabi.

Ƙaninka,
Sagindik