Gidan Afiniki da Aka Rubuta Kango

Daga: Bartholomew Eli,
Magatakardan Taron Dattawa,
Unguwar Gwaza, Kafanchan.
3 ga Afrilu, 1978.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin
Sauya wa Mutanen Sabon Titi Matsuguni,
Kafanchan, Jihar Kaduna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE SUNAN AFINIKI KUMAI DAGA CIKIN WAƊANDA ZA A BA SABON FILI

Bayan gaisuwa ta ladabi, dattawan unguwarmu sun umarce ni in kawo kukan wannan baiwar Allah gabanka, domin ita ba ta iya rubutu ba, kuma bisa ga littafin kwamitinka ma babu ita.

1. Afiniki gwauruwa ce mai 'ya'ya huɗu. Mijinta, marigayi Kumai, ya rasu a watan Yuni na 1975. Gidan ma'aikata da suke ciki aka ba ta kwana talatin ta fita, tun kafin masu gaisuwar mutuwa su gama watsewa. Ta koma ƙauyen mijin, ta tarar 'yan'uwansa sun riga sun raba gona da ɗakuna, don kada su wahalar da ita da zaɓi. Ta dawo, ta yi wata biyu tana kwana da yara a baranda ta majami'a.

2. Unguwa ta ga abin kunya ne. Muka yi gayya, muka gina mata ɗakuna biyu na laka da jinka. Matan zumunta suka ɗebo ruwa, maƙwabcinmu Hammadu, Bafulatani, ya kawo ciyawar rufi daga bakin rafi. A nan take zaune har yau.

3. Daminar bara ɗakunan sun yi yoyo ƙwarai, har gefen bango ɗaya ya fara zaizayewa. Ranka ya daɗe ya san yadda ake gyaran jinka a ƙasarmu: da rani ake sauke ta ƙasa, a cire tsohuwar ciyawa, a baibaye ta da sabuwa, sannan maza su ɗaga su mayar. Ranar Alhamis, 16 ga Fabrairu, muka sauke jinkunan biyu da sassafe, muka fitar da kaya tsakar gida.

4. Ashe a cikin kwanakin shekara duka, ranar ce ma'aikacin kwamitinka ya zaɓa don ƙirga gidajen da titi zai ci. Ya iso da hantsi a kan keke. Afiniki ta shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, ta kawo masa kunun gayya. Ya sha kofi biyu, ya yaba hannunta. Ya ga gado, ya ga tukwane, ya ga mutum goma sha tara suna aiki. Sannan ya ɗaga kai bai ga rufi ba, sai ya rubuta kango ne, ba kowa ciki. Ba mu zarge shi da ƙarya ba, Yallaɓai. Lallai a wannan sa'a babu rufi, kuma kowa yana waje. Kafin la'asar jinkunan sun koma kan bango.

5. Ranar 6 ga Maris aka manna sunayen masu samun sabon fili. Gida ashirin da uku, har da wani da awaki kaɗai ke kwana cikinsa, amma yana da rufin kwano. Ba Afiniki. Na raka ta ofis. Aka ce mana takardar da ta sha hatimi ba ta gyaruwa, sai dai maigidan ya zo da kansa ya shaida. Muka ce maigidan yana kabari. Aka ce to mu dawo bayan mako biyu. Ranar 20 ga wata muka koma, aka ce mu kawo hoton gidan da rufinsa na ranar ƙirga. Haba, Yallaɓai!

6. An sanar da mu katafila za ta shigo ranar 28 ga Afrilu. Ruwan farko kuwa ba ya jiran hatimi.

7. Abin da ya fi ci mana rai shi ne na jiya Lahadi. Bayan sujada Afiniki ta miƙe a gaban jama'a, ba faɗa ba kuka, ta tambaya ko ba gaskiya ba ne cewa da mun bar ta da yoyonta, da yanzu tana da fili. Mu dattawa duka muka sunkuyar da kai. Tsofaffi biyu na can cikin unguwa, waɗanda titi bai ma shafe su ba, sun aiko cewa kada gayya ta taɓa musu jinka bana. Sun ce gara ruwa ya dake su a cikin gidan da gwamnati ta san da shi.

Saboda haka muna roƙo cikin tawali'u a aiko wani ya sake duba gidan kafin ranar 28, a mayar da sunanta, a ba ta fili tare da maƙwabtanta. Gini namu ne, za mu sake yin gayya. In kuwa takarda ba za ta gyaru ba, a taimaka a sanar da mu a rubuce inda za mu kai mace ɗaya da yara huɗu ranar 29 da safe, don mu faɗa mata da bakin gwamnati. Namu bakin ya yi nauyi.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da basira.

Naka mai biyayya,

Bartholomew Eli,
a madadin dattawan Unguwar Gwaza.