Bawul Ɗin da Ake Kira da Sunan Mai Kunne

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku ne nake wannan rubutu da hannuna, hankalina garas. Huhuna ne ya gaji, kaina bai taɓu ba. Babba, Auta, ku karanta shi tare, kada ɗaya ya riga ɗaya.

Na farko. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda shari'a ta tsara. Kayan aiki kuwa na ba da su kyauta tun ina numfashi. Auta ta ɗauki injin iska, da zartunana, da akwatin sifanu, domin ita ta tsaya a shagon nan shekara goma sha ɗaya tana gyaran kawunan tukwanen gas lokacin da mutane ke cewa ba aikin mace ba ne. Babba ya ɗauki agogunan awon ƙarfin iska guda uku da ke rataye a bayan ƙofa. Na san yana da waɗanda suka fi su a inda yake aiki. Ya ɗauka duk da haka, nawa ne.

Na biyu. Injin iskan nan, bawul ɗinsa na kariya, wanda ke buɗewa da kansa idan iska ta yi wa tanki yawa, na ɗaure shi da waya tun bara saboda yana yoyo. Ganganci ne. Auta, kada ki kunna shi sai kin sa sabo. Sauran kuma kun sani, amma zan maimaita: maiko ba ya kusantar kan tukunyar oksijin, yoyon gas da kumfar sabulu ake nemansa ba da ashana ba, kuma bawul a hankali ake buɗe shi, fuskarka tana gefe.

Na uku, shi ne mai nauyin. Maganar Mai Kunne.

Kun taso kuna ji daga bakina cewa tsohon abokin shagona ɓarawon fasaha ne. Ga abin da ya faru. Shekara ashirin da shida da suka wuce, likitan wani ƙaramin asibiti ya same mu. Tukwanen oksijin sun yi masa kaɗan, yana son abin da zai raba tukunya ɗaya ga marasa lafiya biyu, kowa ya samu gwargwadonsa, iska kuma kada ta koma baya. Kwana tara na yi ina goge tagulla da zarto har yatsuna suka yi kanta. Na haɗa shi, ya yi kyau kamar a shago aka sayo, amma da an buɗe iska sai ya riƙa kakkarwa, ya ba da, ya hana. Mai Kunne yana zaune yana shan shayi. Ya karɓa, ya kara a kunnensa, ya ce, “Sifirinka ya yi tauri, faɗa yake da iskar.” Ya ciro biro daga aljihu, ya kwance, ya zare ɗan sifirin cikinsa ya sa. Abin ya yi shiru, iska tana fita lafiya lau.

Kwana tara nawa, minti biyu nasa. Da likita ya zo, a hannun Mai Kunne ya tarar da abin, shi ya yi wa godiya. Mai Kunne ya nuna ni, ya ce aikina ne, wannan ma ban taɓa faɗa muku ba. Amma bakin mutane ya riga ya kama, har yau “bawul ɗin Mai Kunne” ake cewa. Kafin wata ya ƙare na raba shago da shi. Bai sace mini komai ba. In ba don sifirinsa ba, tagullata tarkace ce. Amma ku ma ku riƙe wannan, in ba don tagullata ba, sifirinsa yana nan cikin biro. Duk wanda ya tambaye ku, ku faɗi biyun, kuma ku fara da nawa.

Zanen bawul ɗin yana cikin gwangwanin da ke saman kabad. Ku kai masa. Shekaru yana neman ya gani saboda awon da ke jiki, ni kuwa na yi masa ƙarya na ce gara ta cinye takardar.

Na huɗu. Babba, ban yi fushi da kai don ka bar shagona ka koma na Mai Kunne ba, ko da yake abin da na ce ke nan. Na san ni mai faɗa ne, ba na iya koyarwa sai da tsawa. Abin da ya soke ni shi ne ranar da na biyo ta layin masu walda na ji kana ce masa “Baba”, kana dariya, irin dariyar da ban taɓa ji ka yi a gabana ba. Shekara huɗu ban amsa gaisuwarka ba saboda kalma ɗaya. Mahaifiyarku, Allah Ya ji ƙanta, ta yi magana har ta gaji.

Kuma kada ka ɗauka abin ya wuce. Shekaranjiya da ka zo duba tukunyar da nake shaƙa a gefen gado, ka sunkuya ka kara kunnenka a jikin bawul, ka lumshe ido, sak yadda yake yi. Ka ga na juya fuskata bango, ka ɗauka ciwo ne. Ba ciwo ba ne. Ɗana ne ke riƙe da numfashina da hannun da wani ya horar. Aikinka ya yi kyau, ko ɗigon iska ba ya fita. Na so a ce ni na koya maka.

Na biyar. Auta, ke na fi cuta. Na riƙa yabonki a gaban yayanki don in ƙona masa rai, ke kuma kika ɗauki gabata kika mayar taki. Ba kya gaida Mai Kunne, kina kiran yayanki wanda ya gudu. Ki sauke, ba kayanki ba ne. Hannunki ya fi nawa laushi a kan zarto, wannan yabon na gaskiya ne, ba don wani ya ji ba. Idan aiki ya gagare ki, ki tambayi Babba, in ya gagare shi ku tafi wurin tsohon. Ina rubuta wannan layin ƙirjina yana zafi, amma ku tafi.

Na shida. Sau uku Mai Kunne yana aikowa yana son ya zo duba ni. Ku ce masa ya zo jibi da hantsi. A sa masa kujera mai kyau, a ba shi ruwa. Zan nemi gafararsa da bakina. Amma Babba, a gefena za ka zauna, ba a gefensa ba. Wannan kaɗai nake roƙo.

Idan ta Allah ta kasance, ku bar Mai Kunne ya tsaya a sahun gaba a sallar jana'izata. Zai yi kuka, na san shi. Ku ba shi haƙuri, amma ku fara ba wa juna.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare hannuwanku daga wuta da ƙarfe, Ya ba ku 'ya'yan da za su yi dariya a gabanku. Ku biyu ne kawai na bari. Ƙofar Auta ta Babba ce, ta Babba kuma ta Auta ce, kada wanda ya rufe wa ɗan'uwansa. Na yafe muku duka. Ku yafe mini.

Mahaifinku.